Sharhi: Ko Kuɗin Sola Na Dawowa Ranar Sayar Da Gida?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin magidanta ya sauya a duk faɗin Nijeriya. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin ’yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce Naira 1,000. Janareton da a da ake taƙama da shi ya zama kaya. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar masu rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kan kowane ma’auni. Wannan ne ya sa duk wanda ya bi hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka, ko ya ratsa Kauru, ko ya shiga Kafanchan, zai riƙa hango farantan sola a kan rufin gidaje.

To amma akwai tambayar da masu gidajen ba su cika yi wa kansu ba sai ranar da buƙata ta taso. Idan mutum ya zuba dukiyarsa wajen rage kuɗin wuta, sa’an nan sayar da gidan ya kama shi, mai saye zai biya shi wannan ɗawainiya?

A ganinmu, wani sashe ne kawai ke dawowa, kuma ba sashen da akasarin mutane ke zato ba.

Dalili na farko shi ne yadda ake yi wa gida kuɗi a wannan yanki. Dillali a Kauru ba ya fara tambayar batir nawa ke ɗaki. Abin da yake dubawa shi ne girman fili, da kusancinsa da titi ko kasuwa, da ruwa, da takardu. A Kafanchan, wadda ta bunƙasa a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa tun wajejen 1927, akwai ƙarin wani ma’auni da ya fi waɗannan nauyi tun bayan rikicin zaɓen 2011, watau unguwar da gidan yake da kwanciyar hankalinta. Kuma tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, gidan da ke da shaidar mallaka daga hukumar KADGIS ya riga wanda ke da takardar mai unguwa kaɗai, ko da na biyun an lulluɓe shi da sola har zaure.

Dalili na biyu yana ga kayan kansu. A idon mai saye, faranti da inbata da batir kayan ɗaki ne, kamar firji ko talabijin. Ana iya kwance su cikin wuni guda a ɗora a mota. Da yawa ma mai gidan ne ke fara cewa zai tafi da abinsa, ciniki ya koma kan gini kawai. Bugu da ƙari, ba su tsufa tare. Faranti mai kyau kan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, amma batir mai ruwa, wanda shi ne talaka ke iya saye, da wuya ya wuce shekara 3 ko 4, musamman in ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare. Mai saye ba shi da hanyar sanin ko saura wata shida batirin ya mutu, don haka sai ya yi masa kuɗin gwangwan. Ba za a ga laifinsa ba. Kowa ya taɓa sayen tsohuwar mota ya san wannan tsoro.

Abin da ke riƙe darajarsa shi ne gyaran da ya shiga jikin gini. Silin a ƙarƙashin kwano, rufi mai tsayi, tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, baranda mai tare ranar yamma, da bishiyar mangwaro ko darbejiya a tsakar gida. Wanda ya shiga irin wannan ɗaki da azahar a watan Maris ba ya buƙatar dillali ya yi masa bayani, jikinsa ne zai gaya masa. Magabatanmu sun san haka, shi ya sa katangar tubali mai kauri da rufin azara suke riƙe sanyi da rana, su saki ɗumi da daren hunturu. Mu ne muka koma bulo mai siriri da kwano tsirara, muka dawo muna sayen fanka da man da zai juya ta. Haka nan rijiyar burtsatse mai famfon sola da tanki: wannan ba ta buƙatar batir, ba a ƙaura da rijiya, kuma a garin da ake sayen ruwa a kura, kowa ya san abin da take ragewa a wata. Mita mai kati ma tana da tasiri, domin mai saye kan so ya tabbata babu tsohon bashin wuta na ƙiyasi a kan gidan.

A Ingila tun 2007 ake tilasta wa mai sayar da gida ya nuna takardar da ke auna yadda gidan ke cin makamashi, daga matakin A zuwa G, don haka ana ciniki ne a kan shaida. Nijeriya ta ƙaddamar da ƙa’idar gine-gine masu tsimin makamashi a 2017, amma a cinikin gida a ƙaramar hukuma irin Kauru babu mai neman wata takarda makamanciyar wannan. Ya kamata ƙungiyar ƙwararrun masu ƙiyasta kadarori ta NIESV ta fito da hanya mai sauƙi ta sanya waɗannan kayayyaki cikin ƙiyasi, wadda bankuna da dillalai za su iya bi.

Kafin nan, mai gida ne zai zama shaidar kansa. Ya adana rasit na kowane faranti da batir, da ranar da aka saka su, da takardar garanti, da lissafin man da yake saye kafin sola da bayanta. Idan ranar ciniki ta zo, ya raba farashi biyu a gaban shaidu, na gini daban, na kayan wuta daban, a rubuta cikin takardar saye wanne zai zauna, wanne za a kwance.