Sandar tafiya da mutum mai tafiya

Ƴan'uwa masu koyon karatu, sau da yawa ana ce muna karatun Hausa ba ya kai mutum ko'ina. Wai mai son ci gaba sai ya kama Faransanci ko Ingilishi. Ni ban yarda ba. Ga dalilina.

Mu mutanen Gaya muna zaune tsakanin harsuna. In ka ƙetare kogi zuwa Malanbil, Faransanci ne cikin ofis. In ka nufi Kamba, cikin jihar Kebbi ta Nijeriya, da Ingilishi ake rubuta takardu. Ƴaƴanmu kuma suna soma Ingilishi tun ajin farko na kwaleji.

Can akwai wani darasi mai ba yara wahala. Cikin Ingilishi ana liƙa wa kalmar aiki wata wutsiya, ing. Wutsiyar ɗaya ce, amma aikinta biyu. Wani sa'i kalmar ta zama sunan aikin. Wannan shi suke kira gerund. Wani sa'i kuma ta nuna wanda ke cikin yin aikin. Wannan shi ne present participle.

Ga misali. Reading is good, wato karatu yana da kyau. Nan karatu suna ne, kamar ka ce gero yana da kyau. Amma she is reading, wato tana karatu. Nan wata ce ke cikin aikin.

To, kun lura? Hausa ma haka take yi. Kalmar karatu ba ta sake ba, matsayinta ne ya sake. Faransanci kuwa ba haka ba ne. Yana cewa lire a wuri na farko, elle lit a na biyu. Yaron da aka yi wa bayani da Faransanci kaɗai sai ya rikice, alhali amsar tana bakinsa tun daga gida.

Har ma Hausa ta fi Ingilishi rarrabewa. Walking stick sandar tafiya ce, sanda ba ta tafiya. Walking man kuwa mutum mai tafiya ne. Drinking water ruwan sha ne, boiling water ruwa mai tafasa. Ga dabara: ka mayar da maganar cikin Hausa. In ka ji "mai" ko "yana", participle ne. In ka ji sunan aiki, kamar sha cikin ruwan sha, gerund ne.

Wani zai ce mi ya haɗa manomi ko mai awon hatsi da wannan? Abin da ya haɗa su shi ne ƴaƴansu. Uban da ya raina karatun harshensa, ɗansa ma zai raina shi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 kuma hukuma ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci suka zama harsunan aiki. Yaronmu yana bukatar duka ukun, amma gini daga tushe ake soma shi.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya komo daga lakkwal da jimlar Ingilishi, ku ce ya faɗa muku ita da Hausa, ya kuma rubuta ta. Ku gyara masa Hausar. Wannan aiki kun iya shi, ko da ba ku taɓa jin Ingilishi ba.