Ƴan kwana-kwana: ba a tuna su sai hayaƙi ya tashi

A cikin dukan masu sanye da kaki a ƙasar nan, babu wanda ake yi wa addu'a da zagi a rana ɗaya kamar ɗan kwana-kwana. Sa'ad da jiniya ta tashi daga nesa, mata na guɗa, maza na buɗe hanya. Bayan minti kaɗan, in tankin mota ya ƙare alhali wuta na ci, sai ka ji waɗanda suka yi marhabin sun koma cewa: "Ai dama ba su zuwa da ruwa." Wannan magana ta bi gari, daga Yamai har Damagaram, har yaran da ba su taɓa ganin gobara ba sun iya ta. Ya kamata a auna ta, kuma ba za ta aunu ba sai an san yadda mutanen nan ke kwana, yadda suke tashi, da abin da suke tsammanin samu a ƙarshen wahalarsu.

Da farko dai, ɗan kwana-kwana na Nijar soja ne. Ƙungiyar da ake kira da Faransanci Groupement national des sapeurs-pompiers reshe ce ta rundunar sojojin ƙasa, amma aikinta na kare jama'a yana tafiya ne tare da ma'aikatar ministan cikin gida. An gaji wannan tsari daga birnin Paris, inda Napoleon ya mayar da masu kashe gobara sojoji a shekarar 1811, bayan wata wuta da ta tashi wajen liyafar jakadan Otiriya a 1810 ta hallaka mutane. Saboda haka wanda kake gani riƙe da tiyo ya riga ya yi fareti, ya koyi bindiga, ya san ladabin bariki, kafin a koya masa tsani da igiya. Ba ya yajin aiki, ba ya da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi magana da yawunsa, kuma in aka zage shi a bainar jama'a ba ya da izinin ramawa.

Ranar gadi tana farawa da sassafe. Ana taruwa, a kira suna, kowa ya ji motar da zai hau da kujerar da zai zauna, don in ƙararrawa ta kaɗa babu lokacin tambaya. Daga nan sai duba kaya: direba ya tada inji, ya gwada famfo, ya tabbata tanki cike yake, saura su warware tiyo, su duba kwalaben iska da ake goyawa a baya, su ƙirga kayan motar ɗaukar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Sai motsa jiki, sai atisaye. Abin da aka yi jiya shi za a sake yi yau, har hannu ya iya haɗa bakin tiyo cikin duhu ba tare da ido ya taimaka ba. Sauran yinin kuwa jira ne, kuma jira shi ne rabin aikin. Mutum na iya sa loma a baki ƙararrawa ta kaɗa, ya dawo bayan awa biyar ya tarar da tuwon ya sandare.

Masu kiran lamba 18 suna zaton gobara ce kawai sana'ar, alhali kuwa shekara tana raba musu aiki kamar yadda take raba wa manomi. In hunturu ya shigo, kara ya bushe, iska na kaɗawa, sai gobarar rumfuna da rumbuna da wutar daji. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 45, wayoyin kuran na ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu, kuma a cikin wannan zafi ne mutum zai sa riga mai kauri da hular kwano ya tunkari harshen wuta. Da damina ta sauka aiki ya koma na ruwa: a 2020 kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Yamai na hannun dama, a 2024 kuma ambaliya ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin ƙasa, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Tsakanin wannan da wancan akwai abin da ba ya da lokaci: haɗarin mota a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram har Difa, ɗan kabu-kabu da ya faɗi a mararraba, yaro ko akuya da suka faɗa rijiya, gawar da kowa ya ƙi taɓawa.

To, batun ruwa. Motar kashe gobara irin wadda aka saba gani tana ɗaukar lita wajen 3.000. Babban bakin tiyo guda ɗaya yana iya fitar da lita 500 a minti ɗaya. Ɗan kasuwar da ya saba lissafi ba ya bukatar alƙalami: minti shida ke nan. Ba a ƙera motar don ta kashe kasuwa da abin da ke cikinta ba. Ruwan cikinta na soma yaƙi ne kawai, kafin a haɗa ta da famfon gobara na bakin titi. Inda babu wannan famfo, ko akwai shi amma wani ya gina shago a kansa, ko ruwan unguwa ya ɗauke, dole mota ta juya neman ruwa, wuta kuwa ba ta jiran kowa. Wanda ya iso wurin a daidai wannan lokaci shi ne ke komawa gida da labarin cewa an zo da mota wayam.

Akwai kuma jinkirin da jama'a ke ɗauka ragwanci ne. Ba a watsa ruwa a kan wayar da ke da kuran, sai an yanke, in ba haka ba mai riƙe da tiyo ne zai fara mutuwa. Ba a kashe esansi da ruwa, domin man yana tasowa bisa ruwan ya bi shi duk inda ya gangara. Sai da kumfa. Duk wanda ya san yawan kwalabe da bido na esansi da ke jere a bakin titunan garuruwan kan iyaka ya san abin da wannan ke nufi. Daren 5 ga watan Mayu na 2019, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru suna kwasa, ta fashe, fiye da mutum 50 suka mutu nan take. A irin wannan wuri abin da ya rage wa ƴan kwana-kwana shi ne hana wuta yaɗuwa da ɗaukar waɗanda suka ƙone. Haka ma gobarar azuzuwan zana, ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun 2021 da ta Maraɗi cikin Nuwamban wannan shekara, inda kowace ta ci yara ƙanana wajen 20 ko fiye: zana kan cinye kafin mota ta fita ƙofar bariki.

Mutanen da suka ga irin waɗannan abubuwa tare ba su zama abokan aiki kawai. A cikin hayaƙi ba a shiga ɗaya-ɗaya, sai biyu-biyu, na baya yana dafe da na gaba, kuma doka ce su fito tare. Iskar kwalba ba ta wuce wajen rabin awa ga mai aiki tuƙuru, don haka kowa na sauraren numfashin ɗan'uwansa. Wanda ya riƙe maka igiya kana cikin rijiya mai gaba ashirin, ba ka tambayar garinsu. Amma da an dawo bariki, an wanke tiyo an shanya, an ɗora shayi a gindin bedi, nan fa garin kowa ke fitowa. Bagobiri ya sa Bazabarme gaba, Bafillace da Babarbare su dinga jayayyar wane ne ubangidan wani, sabon shiga kuwa shi ne mai hura gawayi har ranar da wani sabo zai zo ya karɓe shi. Baƙo zai ce wasa ya yi yawa ga mutanen da suka ɗauko gawa da safe. Wasan ne ke sa su iya cin abinci da rana. In matar ɗaya ta haihu ko uban wani ya rasu, kafin dangi su iso an riga an yi karo-karo a bariki.

Hawan galo kuwa hanyar soja yake bi. Daga ƙaramin soja zuwa kafaran, daga nan zuwa sarsan, har lajidan ga wanda ya daɗe kuma ya ci jarrabawa. Kowane mataki yana da horonsa da takardarsa, kuma yana canza wurin mutum a bakin wuta: ƙarami na riƙe tiyo, kafaran na jan mutum biyu ko uku, sarsan na shugabantar mota sukutum, shi ne zai zagaya wurin ya yanke shawara ta inda za a shiga. Mai takardar makaranta yana da gajeriyar hanya, ta makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas ko makarantar hafsoshi ta Yamai, kuma tun 2012 akwai babbar makarantar kare jama'a a Wagadugu da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Akwai kuma ƙwarewa ta gefe, kamar tuƙi, ninƙaya da nutso a kogi, agajin gaggawa, da binciken gine-gine kafin wuta ta tashi.

A nan ne zumuncin ke haɗuwa da gwaji. Jarrabawa da Faransanci ake yin ta, a kan takarda, kuma ba ta tambayar sau nawa mutum ya shiga wuta. Sai ka ga tsohon kafaran da ya san kowane lungu na kasuwa, wanda ke gane irin abin da ke ci daga launin hayaƙi, yana sara wa yaron da shi ya koya wa naɗe tiyo. Ma'aikacin gomnati da ya shekara goma a kujera ɗaya yana kallon na bayansa suna wuce shi ya san wannan ɗaci. Ba a ce a daina jarrabawa ba, domin mai ba da umurni a gaban tankar gaz dole ya san abin da littafi ya ce. Amma rundunar da ba ta samar wa irin wannan tsoho darasin dare ko wata ƙofa ta daban ba, tana zubar da ilimin da ba a sayarwa a kowace makaranta. Hafsa mai hankali ya san haka, shi ya sa in wuta ta yi tsanani yakan juya ya ce: "Tsoho, yaya ka gani?"

Ƙarin galo kan zo da canjin wurin aiki, a ɗauke mutum daga Tawa a kai shi Difa, yara su canza lakwal a tsakiyar shekara. Bayan ritaya wasu kan sami aikin kula da tsaron wuta a masana'antu da manyan otel, wasu su koma gona da gwiwoyin da tsani ya cinye.

Ƴan kasuwa su ne suka fi kowa bukatar wannan runduna, kuma su ne suka fi ɗaure mata hannu ba da nufi ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa, ta sake ƙonewa a 2009; ƙaramar kasuwa ta bi sahu a 2012. Galibi da dare wutar kasuwa ke tashi, ƙofofi a kulle, mabuɗi na hannun wanda ke barci a wata unguwa. Layin da aka bari don mota ta wuce, tebur ɗaya ke fara cin gefensa, sai rumfa, sai kwano da siminti, kuma kowane mai rumfa yana da takardar biyan haraji da zai nuna. Mota mai faɗin mita biyu da rabi tana tsayawa a bakin ƙofa, a dinga haɗa tiyo ana jan sa cikin lungu, kowane ƙarin tsawo yana rage ƙarfin ruwan da zai fita a ƙarshe. Shugabannin ƴan kasuwa na da ikon gayyatar kumandan barikin garinsu ya shigo da motar da rana tsaka, ranar da babu wuta, a ga inda za ta tsaya.