Filin Motoci: Salansar Ƙawa da Iskar Ƙarƙashin Mota

Duk wanda ya bi ta Idu, unguwar masana'antu ta Abuja inda tashar jirgin ƙasan Kaduna take, da maraicen ranar hutu, da wuya ya rasa jin rugugin motocin samari. Titunan wurin masu faɗi ne, in ma'aikatu sun tashi kuwa sai su yi wayam, shi ya sa masu wasan mota suke sha'awarsu. Da yawa daga cikin motocin nan an cire musu salansar da suka zo da ita, an sa wata mai faɗin baki da amon tsawa. Kanikawan Apo, da na Panteka a Kaduna, da na Ƙofar Ruwa a Kano duk sun saba da wannan aiki. Abin da ba safai ake tambaya ba shi ne: me sabuwar salansar take yi wa iskar da ke ratsa ƙarƙashin motar?

Mai karatu ya sani, mota mai gudu ruwa biyu take raba iska, wata ta bi ta sama, wata ta ƙasa. Tun cikin 1738 masanin lissafi Daniel Bernoulli ya bayyana cewa inda iska ta ƙara sauri, nan matsinta yake raguwa. Saboda haka idan ƙarƙashin mota sumul yake, iska ta wuce a guje ba cikas, sai motar ta lafe da ƙasa, tayoyi su kama kwalta sosai. Don haka ne masu ƙera motocin gudu suke rufe cikinsu da faifai, kana su yi wa gindinsu wani irin mazurari mai buɗewa sama, wanda ke sakin iskar sannu a hankali. Salansar asali ma da lissafi aka ba ta gurbinta, aka lafe tukunyarta don kada ta tare hanya.

Masu tseren Formula 1 sun daɗe da gane wannan sirri. A 1977 kamfanin Lotus na Ingila, a ƙarƙashin Colin Chapman, ya fito da motar da aka yi wa ƙasan gefunanta siffar fiffiken jirgin sama a kife, shekara ta zagayo Mario Andretti ya zama zakaran duniya da motar kamfanin. Gudun shan kwana ya yi yawa har a 1983 aka tilasta kowa ya mai da cikin motarsa shafaffe. Daga baya, a 2010 da 2011, Red Bull ta riƙa hura hayaƙin salansa cikin mazurarin nan na baya don ƙara wa iska sauri, ta lashe gasar duka shekarun biyu, sai a 2012 aka yi dokar ɗaga bakin salansa sama.

To, a nan ne wasu samari suke yi wa rogo kallon kitse. Sun ji labarin hayaƙi yana danne mota, sai su zaci kowace ƙatuwar salansa haka take yi. Alhali kuwa waɗancan motoci sai da aka gwada su a ɗakin gwajin iska, aka auna kowane bututu. Mai walda da ke lanƙwasa ƙarfe da ido ba shi da wannan ma'auni.

Ɓarnar iri uku ce. Ta farko, bututu mai kauri ba ya shiga gurbin na asali, sai ya sauko ƙasa ya tsaya wa iska a gaba, ta hargitse. Ta biyu, sau da yawa sai an yanke faifan ƙasa ko mazurarin baya kafin sabuwar tukunya ta zauna, wani lokaci ma a jefar da su, a ce ai roba ce kawai. Daga nan iska ta riƙa cusa kai cikin bambar baya, ta cika ta kamar buhu, mota ta ƙara shan mai, bayanta ya rage nauyi a kan titi. Ta uku, zafi. In an cire garkuwar da ke tsakanin bututu da jikin mota, zafin yakan kai ga tankin mai da igiyoyin birki. Bakin salansa kuma in ya tsaya a ƙarƙashin mota bai leƙo waje ba, iskar da ke juyawa a baya tana iya mai da hayaƙin ciki, a cikinsa kuwa akwai guba marar wari mai sa barcin da ba a farkawa. Abin ya fi muni idan an fasa matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi don a sayar da ƙarafanta masu tsada.

Gaskiya ne a gudun cikin gari bambancin iskar bai taka kara ya karya ba. Amma ƙarfin iska ba daidai da gudu yake hawa ba: in gudu ya ninka biyu, ƙarfinta sai ya ninka huɗu. Abin da ba a ji ba a kilomita 80 cikin awa, a 160 shi ne zai kwance bayan mota a kan kwana. Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. Motar Audi TT ta fito a 1998, aka yi ta haɗari da ita a Jamus cikin matsanancin gudu, har a ƙarshen 1999 kamfanin ya nemi a komo da motocin, ya ƙara musu ɗan fiffike a baya, ya gyara ƙafafunsu. In ƙwararrun injiniyoyi sun yi tuntuɓe a nan, ina ga aikin bakin titi?

Wanda ya nace sai ya sake salansa, ya nemi wadda aka ƙera domin irin motarsa, mai bin gurbin ta asali. Ya tsaya a kan bakanike har a mai da faifan ƙasa da garkuwar zafi, ƙusa ɗaya kada ta ɓace. Ya sa a ɗaga motar ya duba da idonsa, kada wani abu ya sauko ƙasa da yadda yake a da. Sa'an nan ya tuna iyakar gudun ƙananan motoci a babbar hanya kilomita 100 ne, kuma titin Idu ba nasa ne shi kaɗai ba: masu gadi da leburori da masu abinci suna ƙetara shi da ƙafa. Allah ya kiyaye hanya.