Duba-gari: karatun da muka bar wa wasu, alhali kasuwanninmu ake rufewa

'Yan uwa mazauna kurmi, na Badun da na Ikko da sauran wuraren da neman abinci ya kai mu. Yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan wani fannin karatu da na lura ba ya cikin lissafinmu sam, wato ilimin tsaftar muhalli da lafiyar jama'a, wanda mu muka fi sani da aikin duba-gari, Yarbawa kuma suke ce wa mai yinsa wole-wole. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za mu tura 'ya'yanmu wannan karatu da gangan, kuma kada su tsaya a difloma, a riƙe musu hannu har digiri na biyu. Na san wani zai ce ɗan mai wake da ya tsaya a sakandare ina ruwansa da maganar digiri na biyu. To ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai karatu, ka zauna ka lissafa sana'o'in da suka kawo iyayenmu ƙasar nan. Shanu da kwata, hatsi da wake, goro, kayan gwari, tsire da balangu, shayi da burodi, ga-ruwa, jari-bola. Ka nuna mini guda ɗaya a ciki da ba ta ƙarƙashin idon duba-gari. Babu. Ko dai abin da mutane za su ci ne, ko abin da za su sha, ko kuma shara. Amma duk da haka in ka tambayi yaranmu da suka gama sakandare me suke son karanta, daga likita sai lauya sai kwamfuta. In ka ce duba-gari sai a yi maka dariya, wai mai leƙa masai.

Abin da ya faru a Legas a 2023 ya isa ya tashe mu daga barci. A watan Oktoba na shekarar gwamnatin jihar ta garƙame kasuwar Mile 12 saboda ƙazanta da tarin shara, bayan ta riga ta yi wa Oyingbo da Ladipo irin haka. Kwanaki kaɗan aka yi aka buɗe, gaskiya ne, amma duk wanda ya san tumatir da attaruhu ya san abin da kwana biyu ke nufi ga motar da ta taso daga Arewa. A 2025 kuma aka rufe kwatar Oko-Oba da ke Agege na wani lokaci a kan irin wannan dalili. A duk lokacin da haka ta faru, sai ka ga shugabanninmu sun ɗauki manyan riguna sun tafi roƙo. Roƙo ba laifi ba ne. Sai dai wanda ya rufe kasuwar da rahoto ya rufe ta, kuma rahoto ba ya jin "a yi haƙuri". Abin da yake ji shi ne wani rahoton: ga yawan sharar da kasuwa ke fitarwa a rana, ga inda za a kai ta, ga yadda za a gyara lambatu, ga makewayi nawa ake bukata, ga wanda zai sa ido. Wa muke da shi da zai rubuta wannan, ya sa hannu, ya tsaya ya kare shi a gaban kwamishina?

Kuma kada mu yaudari kanmu cewa duk ƙiyayya ce. Akwai ƙiyayya a wasu lokuta, mu da muka ga abin da ya faru a Shasha a watan Fabrairun 2021 ba sai an ba mu labari ba. Amma ƙazantar ma akwai ta. Ka ratsa bayan layin 'yan gwari da damina ka gani.

Bari in yi magana a kan wake, tunda a cikinsa na tashi. Kowa a sana'ar nan ya san ƙwari ne babban abokin gabarmu, kuma kowa ya san abin da wasu ke zubawa a buhu don su kore su. Maganin da ake kira Sniper, da fiya-fiya da ake haɗawa a gida, an yi su ne don wani aiki daban, ba don a yayyafa wa abincin da mutum zai ci ba. Saboda burbushin irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. A 2018 wani bidiyo ya yaɗu na masu zuba Sniper a wake, ranar da abin ya fito kowane mai wake sai da ya sha kallo, mai laifi da marar laifi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni. Alhali kuwa akwai mafita mai sauƙi, buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba. Yawancin masu zuba gubar nan ba mugaye ba ne, haka suka ga ana yi. Da akwai ɗan gida, wanda ya karanci abin, ya zauna da su a rumfa bayan la'asar ya yi musu bayani da Hausa, ya ce "Baba, wannan abin da kake zubawa jikanka ma zai ci," da sun ji. Haka maganar take ga masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, da masu babbaka ganda da tsohuwar taya.

Yanzu kuwa yaya abin yake? Jami'i ya zo da takardarsa yana Turanci da Yarbanci, dattijo yana Hausa, babu mai fahimtar wani. Ƙarshenta a ja shi gefe a sallame shi, ya tafi, matsalar tana nan inda take. Wata mai zuwa ya sake dawowa. Kuɗin da muke kashewa a wannan sallama, in an tara na shekara guda a kasuwa ɗaya, ina da yaƙinin zai ɗauki nauyin karatun yara fiye da ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne makarantun a ƙofar gidanmu suke. Makarantar koyon tsafta ta Eleyele nan Badun tana nan tun 1933, yanzu ta zama kwalejin kimiyyar lafiya ta jihar Oyo, kuma daga Sabo ba wata tafiya ba ce. Ta Kano ma an kafa ta tun 1932, don haka ba baƙon ilimi ba ne a wurin Bahaushe, kakanninmu sun san duba-gari da farin kayansa yana leƙa randa yana neman tsutsar sauro. A Legas akwai ta Yaba, wadda ake danganta kafuwarta da Dokta Isaac Ladipo Oluwole, a zamanin da birnin ya yi fama da annobar ɓeraye da ta ɓarke a 1924. Hanyar kuma a bayyane take. Yaro ya samu kiredit biyar a darussan kimiyya haɗe da Turanci da lissafi, ya yi ƙaramar difloma shekara biyu, ya yi babbar difloma shekara biyu, ya zauna jarrabawar ƙwarewa, sannan ya yi rajista da majalisar da ke kula da sana'ar. Dokar 2002 ce ta kafa wannan majalisa, aka yi wa dokar gyara a 2022, yanzu ana kiranta EHCON. Ba tare da lasisinta ba, takardarka ado ce. Wanda yake son digiri kai tsaye akwai jami'ar fasaha ta tarayya da ke Owerri, da jami'ar jihar Kwara da ke Malete, da kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ta dace da wanda ba zai iya barin shago ba. A dai tabbatar majalisar ta amince da makaranta kafin a biya ko sisi, don makarantun jeka-na-yi-ka sun yi yawa a fannin lafiya.

To me ya sa na nace a kan digiri na biyu? Saboda mai difloma shi ake aikawa, mai digiri na biyu shi ke zama a inda ake yanke shawarar aikawa. Shi ke ɗibar ruwan rijiya ya kai ɗakin gwaje-gwaje ya ce ga ƙwayar cutar da ke ciki. Shi ke bin sawun annoba daga gida zuwa gida har ya gano daga wace rijiya ko wane mai abinci ta taso. Shi ake kira kwamiti in za a tashi kasuwa ko a mayar da kwata wani wuri, kamar yadda aka mayar da yanka daga Bodija zuwa Amosun a 2018, abin da bai ƙare lafiya ba. Jami'ar Badun tana da sashe guda na kimiyyar lafiyar muhalli a tsangayar lafiyar jama'a, kuma ana yin digiri na biyu a can. Daga kasuwar Bodija zuwa ƙofar jami'ar kuɗin mota ƙalilan ne. Mai babbar difloma ma ƙofa ba ta rufe masa ba, yakan bi ta diflomar gaba da digiri sannan ya wuce.

Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Likitocin MSF sun yi magani, amma magani kaɗai bai isa ba, don in yaro ya warke ya koma cikin ƙurar nan sai ciwon ya dawo. Sai da aka zo da masu auna ƙasa, aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wannan aikin masanin lafiyar muhalli ne, kuma ƙwararru daga ƙasashen waje ne suka jagorance shi. Bayan shekara biyar, a 2015, irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ga kwalara ta 2021 da ta kashe fiye da mutum 3,000 a faɗin ƙasa, akasarinsu a jihohin da muka fito. Ga zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa, wanda jihohin Ondo da Edo ke kan gaba a cikinsa, mu kuma rumbunan hatsi ne sana'armu.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a majalisa: ko yaro ya gama, wa zai ba shi aiki a nan tunda ba ɗan asalin jiha ba ne? Wannan magana ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. An haife mu a nan, wasunmu iyayensu ma a nan aka haife su, Sabon Badun tana nan tun 1916, amma in maganar ɗaukar aiki ta zo sai a ce ka kawo takardar ƙaramar hukumarka. Gaskiya ne. Sai dai aikin jiha ba shi kaɗai ne aiki ba. Akwai na tarayya, irin su jami'an lafiya na tashoshin jiragen ruwa da na sama. Akwai kamfanonin abinci da otal-otal da ke bukatar mai lasisi. Akwai ƙungiyoyin agaji da kullum ke neman wanda ya san ruwa da tsafta kuma yana jin Hausa, ɗanmu kuwa ga Hausa ga Yarbanci ga Turanci. Mai lasisi yana iya buɗe kamfaninsa na feshin ƙwari da ɓeraye, kuma shagunan ajiyarmu kaɗai sun ishe shi ciniki. Sannan me zai hana ƙungiyar kasuwa ta ɗauki nata jami'in, tana biyansa albashi kamar yadda take biyan sakatare da masu gadi?

Kada kuma a manta da 'yan mata. Gidajenmu da yawa namiji baƙo ba ya wuce zaure, alhali rijiyar da masan da wurin girki duk suna ciki. Mace ce kawai za ta shiga ta zauna da matan gida ta ga inda ake ajiye ruwan sha da yadda ake wanke wa yara hannu. Wanda ke fargabar tura 'yarsa nesa, ga Eleyele nan, za ta je da safe ta dawo gida da yamma.

Abin da nake roƙon Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan hatsi, 'yan shanu da 'yan gwari shi ne kowace ƙungiya ta ware wani abu daga kuɗin da ake karɓa a kan kowace mota, ta zaɓi yara biyu a shekara, namiji da mace, bisa sakamakon jarrabawa ba bisa ɗan wane ba. A rubuta yarjejeniya da iyayensu cewa in sun gama za su yi wa kasuwar aiki na wasu shekaru. Wanda ya fi hazaƙa a cikinsu a ci gaba da biya masa har jami'ar Badun. Ƙannena biyu suna aji biyar na sakandare a ɓangaren kimiyya, na riga na yi wa Baba maganar ɗaya daga cikinsu, ya ce a bari sakamakon WAEC ya fito tukuna. Duk wanda ya san wani ɗanmu da ya riga ya yi wannan karatu, a Badun ko Ikko ko Abeokuta, don Allah ya sanar da ni, ina so in kai shi taron ƙungiya na wata mai zuwa ya yi wa dattawa bayani da bakinsa.