RA'AYINMU: Hancin Kare Da Ciwon Daji

Duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta a ƙasar Gwarzo ko Kabo ya san aikin hancin kare. Zomo ya wuce tun asuba, amma da hantsi kare zai bi sawunsa har rami. To, yanzu masana sun kai wannan baiwa ga aikin lafiya.

A 1989 likitoci biyu a Landan suka ba da labarin wata mata da karenta ya dame ta da shinshina wani tabo a ƙafarta, har ya nemi cizonsa. Da ta je asibiti aka yanke tabon, aka tarar ciwon daji ne na fata. A 2004 aka horar da karnuka 6 a Ingila su tsamo fitsarin mai ciwon dajin mafitsara daga cikin kwanoni 7. Sun dace sau 22 cikin 54, alhali da kacici-kacici ne da wajen sau 8 kawai za su dace. Dalili kuwa, cuta kan sauya warin jiki. A 2018 ma an gwada karnuka da safar yaran Gambiya, suka gane kashi 70 cikin 100 na masu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Mun yaba. Amma kare ba likita ba ne, kuma karen gadin gida bai san wannan aiki ba. Ko matar Landan ɗin, asibiti ne ya tabbatar mata.

Abin da ya dame mu, 'yan'uwa, yana kusa. Mace a Sabon Birni za ta ji ƙulli a nononta da hannunta, ba ta bukatar kare ya gaya mata. Sai kunya ta sa ta yi shiru. In ta faɗa, a ce mata daji ba ya son allura, a kai ta wajen mai sakiya. Kafin a tuna da asibiti ciwon ya fashe, an kuma sayar da akuya da hatsi.

Muna roƙon Zumuntar Mata su riƙa tambayar juna, su raka mai ƙulli Babban Asibitin Gwarzo tun bai fara zafi ba. In an tura ta Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika a Zariya, dattawan ikilisiya su fid da kuɗin mota daga baiko, nata da na mai rakiya.