Wai Ba Kai Ba Gindi: Martani Ga Masu Kushen Fim Ɗin Atlantique

A wani hutun zangon karatu mun kai ɗalibanmu garin Assakio, a kan hanyar Lafiya zuwa Shandam, domin tattara tatsuniyoyi da karin magana. Da dare, bayan sallar isha'i, muka kafa majigi a tsakar gidan mai masaukinmu, muka sa fim ɗin Atlantique. Da yake da harshen Wolof aka shirya shi, sai ɗalibi guda ya riƙa karanta fassarar Ingilishi da ke ƙasan hoto yana mayar wa jama'a da Hausa. Kafin a kai rabi ɗalibanmu sun fara tsaki. Wani ya ce, "Malam, wannan ai ba kai ba gindi." Wani ya ce ya saɓa wa addini, wata kuma ta ce don Turawa aka yi shi. Matan gida kuwa ba wadda ta motsa. Da aka gama, sai mahaifiyar mai masaukin namu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta dubi ɗalibin da ya yi fassara ta ce, "Gaskiya suka faɗa, ɗana. Wanda ruwa ya ci, uwarsa ba ta gama kuka, tun da ba a kai shi makwanci ba."

Wannan bambanci tsakanin mai nazarin adabi a jami'a da tsohuwar ƙauye shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Ra'ayinmu shi ne tsohuwa ce ta fahimci fim ɗin, ɗalibanmu kuwa sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu ya fi ƙarfin fim guda.

Ga wanda bai kalla ba, Mati Diop ce ta shirya Atlantique a shekarar 2019, kuma ya sami lambar yabo ta biyu mafi girma a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa. Labarin ya faru ne a wata unguwa ta gefen Dakar, babban birnin Sanigal. Souleiman lebura ne a wurin ginin wani dogon bene, shi da abokan aikinsa sun yi watanni ba a biya su ba. Yana son Ada, alhali an riga an yi mata baiko da wani mai kuɗi, Omar. Da tura ta kai bango sai samarin suka shiga kwalekwale cikin dare suka nufi Sifaniya, teku ta cinye su. A daren bikin Ada gadon amarya ya kama da wuta ba tare da an ga wanda ya cinna ba. Daga nan 'yan matan unguwa suka fara zazzaɓi, in dare ya yi su tashi idanunsu fari fat, su je gidan ɗan kwangila suna neman albashi da bakin matattu. Shi kuwa Souleiman jikin ɗan sandan da ke binciken gobarar ya hau, domin ya yi sallama da Ada. A ƙarshe, a maƙabarta, bayan ɗan kwangila ya kawo kuɗin, sai matattun suka umarce shi ya haƙa musu kaburbura da hannunsa.

To, ina rashin kai da gindi a nan? An zalunci ma'aikata, zalunci ya kora su teku, teku ta halaka su, haƙƙinsu ya biyo wanda ya ci. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan zubi tun da daɗewa da ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Abin da ɗalibanmu suka rasa shi ne wani dattijo da zai fito a ƙarshe ya yi musu jawabin darasin da za a koya, kamar yadda aka saba musu a yawancin fina-finan Kano tun daga Turmin Danya na 1990. Mati Diop ta bar hoto ya yi magana. Ta tsayar da kyamara a kan teku har sai mai kallo ya ji nauyin ruwan. Ta nuna samarin a cikin madubi, alhali a fili 'yan mata ne zaune, domin ta sanar da mu cewa wanda ya mutu a idon duniya yana nan a idon mai son sa. Mai neman a tauna masa a ba shi a baki, shi ke ganin wannan a matsayin ruɗani.

Zargi na biyu, wato na saɓa wa addini, shi ya fi nauyi, don haka ba za mu yi masa riƙon sakainar kashi ba. Gaskiya ne a aƙidarmu wanda ya mutu ba ya dawowa duniya, yana barzahu har ranar tashin ƙiyama. Amma fim ƙagaggen labari ne, ba wanda ya ce a ɗauki aƙida daga gare shi. Aku bai taɓa zama waziri ba, duk da haka ba mu ji malamin da ya haramta Magana Jari Ce ba. A Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933, tauraron labari ya yi hulɗa da aljannu kafin ya kai ga ruwan da yake nema. Haka Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, duk cike suke da abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba, kuma su muke koyarwa a aji ana rubuta jarrabawa a kansu. Hasali ma, waɗannan ɗalibai su ne ke kallon Karan Arjun na 1995, inda aka kashe 'yan'uwa biyu aka sake haihuwarsu a wasu gidaje domin su ɗauki fansa, wanda kai tsaye aƙidar Hindu ce, ba su taɓa cewa uffan ba. Suna kallon saurayi da budurwa su ɓace daga falo su bayyana a lambu, su sauya tufafi sau biyar cikin waƙa ɗaya, ba wanda ya tambayi ta ina suka bi. Ashe ke nan ba abin al'ajabi suke ƙi ba, wanda ba su saba da shi ba suke ƙi. In kuwa jigo za a duba, me ya fi dacewa da koyarwar Musulunci irin labarin da ke cewa a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba? A wurin jana'iza muna cigiyar masu bin mamaci bashi. Wannan fim ya juya tambayar, ya nemi sanin wa mamaci yake bi.

Zargi na uku shi ne wai salon na Turawa ne. Wannan magana rashin sanin tarihi ce. A maƙwabciyarmu Nijar, tun 1973 Moustapha Alassane ya shirya Toula, daga wani labarin gargajiya da Boubou Hama ya rubuta: fari ya addabi ƙasa, aka ce sai an ba da budurwa ga aljanin ruwa, saurayin da ke son ta ya tafi neman ruwa don ya cece ta, ya dawo an riga an gama. So da mutuwa da iskoki duk a tukunya ɗaya. Ita kanta Mati Diop 'yar ɗan'uwan Djibril Diop Mambéty ce, wanda a wannan shekara ta 1973 ya shirya Touki Bouki a kan masoya biyu masu mafarkin ƙetara teku. Batun hawan iska kuwa, ko mai ƙyamar bori ya san yadda ake cewa iska ta hau mutum ta yi magana da bakinsa. Bature sai an yi masa bayanin wannan, matan Assakio ba su nemi bayani ba.

Saboda haka dole mu malamai mu karɓi kasonmu na laifi. Mun koya wa ɗalibi cewa kowane aikin adabi a zuba shi cikin ɗaya daga 'yan kwanduna: gargaɗi, ko faɗakarwa, ko nishaɗi. Da zarar ya sami kwandon sai ya ɗauka ya gama nazari. In ya haɗu da aikin da ya ƙi shiga kwando, maimakon ya zargi kwandon sai ya zargi aikin. Ta haka muka yaye masu digiri da suka fi kakanninsu sanin sunayen dabarun adabi, amma kakannin suka fi su iya sauraron labari.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce makin jarrabawa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, galibinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A watan Nuwamba na 2017 an binne 'yan mata 26 'yan Nijeriya a Salerno ta Italiya bayan an tsamo su daga Bahar Rum. Waɗannan su ne aka ga gawarsu. Akwai gidajen da har yau ba su san ko su yi zaman makoki ko su ci gaba da jira ba, da matan da ba su san ko su shiga takaba ba. Irin wannan baƙin ciki ba ya kwantawa cikin labari miƙaƙƙe mai farko da tsakiya da ƙarshe, domin shi kansa ba shi da ƙarshe. Salon mafarki ne ke iya ɗaukar sa, kamar yadda mai rai ke ganin mamacinsa a barci ya farka da hawaye. Idan marubutanmu da masu shirya fina-finanmu na gobe, waɗanda su ne ke zaune a azuzuwanmu yau, suka tashi da ƙyamar wannan salo, to wa zai ba da labarin mutanen Kance da Hausa?

Ba mu ce Atlantique ba shi da aibi ba. Sashen binciken ɗan sanda ya yi sanyi, kuma an bar Omar fanko kamar hoton bango. Irin wannan suka muke so mu ji daga bakin ɗalibai, sukar wanda ya kalla ya auna. Amma tsaki tun ba a kai rabi ba lalaci ne da aka sa wa rigar ilimi. Muna kira ga duk wanda ya yi tsaki a daren nan da ya sake kallon fim ɗin, kuma in ya sami dama ya zauna kusa da kakarsa.