Baƙin Mai A Jiragen Ruwa Masu Gudu: Tsakanin Ƙuna Da Sanyi

A wannan mako filin namu zai gangara bakin ruwa, domin mu duba wata tambaya da masu jiragen ruwa na tsere a Amurka da Ingila da Dubai suka daɗe suna tattaunawa a kanta: wane zafi ya kamata baƙin man inji ya kai, kuma daga ina haɗari yake farawa? Na zaɓi batun ne saboda amsarsa ta ci karo da wata fahimta da ta yi kaka-gida a garejojinmu, cewa duk injin da ya fi sanyi shi ya fi lafiya.

Injin jirgin ruwa ya fi na mota shan wahala nesa ba kusa ba. Mota tana canza giya, tana samun gangare, direba yana ɗaga ƙafa daga totur inji ya huta. Jirgi kuwa yana keta ruwa ne, wanda ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma galibi giyarsa ta gaba ɗaya ce tak. Da zarar an rage wuta gudu ya faɗi. Ka ɗauke shi kamar tirela ce ɗauke da kaya tana hawan tudun da ba ya ƙarewa. Haka injinan jiragen suke aiki a tseren da ake yi tsakanin Cowes da Torquay a Ingila tun 1961, kuma kamfanin Mercury Racing na jihar Wisconsin yana ƙera irin waɗannan injina masu ƙarfin doki 1,350. A cikinsu aikin mai biyu ne. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su gogar juna, yana kuma kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin da sauran lungunan da ruwan sanyaya inji ba ya kaiwa. Shi ya sa gejin ruwa zai iya tsayawa lafiya lau a digiri 70, alhali mai ya haura 130.

Ga ma'aunin da mafi yawan masana injina suke yin aiki da shi. Ana son mai ya zauna tsakanin digiri 90 zuwa 115 a ma'aunin Salshiyas yayin da ake tafiya. Idan ya wuce 120 sai matuƙi ya sa ido. Mai na gama-gari yana fara lalacewa da sauri daga wajen 130, wanda aka haɗa a masana'anta kuwa, wato sintetik, yana iya jurewa zuwa kusan 150 na ɗan lokaci. Jiragen da aka ƙera a Amurka gejinsu na Faranhait ne, inda 212 yake daidai da 100, 250 kuma yake daidai da 121.

Illar ƙuna a bayyane take. Mai yana tsinkewa ya zama kamar ruwa, ƙarfin da famfo yake tura shi da shi ya ragu, shimfiɗar da ke raba ƙarafa ta yi siriri har su haɗu, sai a ji inji ya buga. Ko bai kai ga haka ba, akwai ƙa'idar da masana sinadarai suke amfani da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai kusan sau biyu. Man da zai yi awa 100 a digiri 110, wajen awa 25 kawai zai yi a 130.

Illar sanyi ita ce ba a cika magana a kanta ba, kuma a ganina ita ta fi cin inji a ɓoye. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a siffar tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma wani ɓangare yana ratsa gefen ringi ya sauka cikin mai, tare da ɗigon fetur da bai ƙone ba. Idan mai ya kusanci digiri 100, ruwan da fetur ɗin sukan tashi su fice. Idan kuwa ya tsaya a 60 ko 70, sai su yi ta taruwa. Fetur ya tsinka man, ruwa ya haɗu da dattin ƙuna ya zama asid mai cin ƙarfe, tsatsa ta kama, murfin mai ya yi wani farin kumfa kamar kindirmo. Babu ƙara, babu hayaƙi, sai dai a wayi gari injin da ya kamata ya yi shekaru ya tsufa tun yana sabo.

Jirgin ruwa ya fi mota faɗawa wannan tarko, domin ba shi da lagireto. Kogi ko teku yake zuƙa ya sanyaya kansa, ruwan kuma ba ya ƙarewa. Injinan da ruwan teku yake ratsa su kai tsaye ma akan riƙe su a wajen digiri 60, saboda gishiri yana daskarewa a hanyoyin ruwa idan zafi ya fi haka. To ga mai jirgi ya tsorata da ƙuna ya sayo katafariyar na'urar sanyaya mai. A cikakken gudu ta yi masa rana, amma a tafiyar hankali, wadda ita ce mafi yawan aikin jirgin, mai ba ya ko ɗumi. Maganin da maƙera suka samo shi ne tamostat na mai, ɗan makullin da yake hana mai bi ta na'urar har sai ya yi zafin da ake so.

Abin da nake ganin ya wajaba ga matuƙi bai da yawa. Ya sa gejin zafin mai daban da na ruwa, ya kuma san inda aka dasa shi, domin man da ke cikin kaskon inji ya fi wanda ya fito daga na'urar sanyaya zafi. Kada ya buɗe wuta gaba ɗaya sai mai ya ɗumama. Bayan gudu mai tsanani ya bar inji ya yi 'yan mintuna a hankali kafin ya kashe. Ya riƙa duba fankar roba da ke zuƙo ruwa, domin ciyawa ko leda ɗaya ta isa ta toshe hanya. Ya kuma nemi man da aka yi wa injin ruwa, mai alamar FC-W, wanda aka gwada juriyarsa ga danshi da tsatsa.

Wani zai ce ina ruwanmu da wasan attajirai. Gaskiya ne yawancin kwale-kwalen da ke jigilar mutane a Yawuri da Tafkin Kainji da Lakwaja suna amfani da injin da ake gauraya masa mai da fetur, wanda ba shi da kaskon mai balle a auna zafinsa. Amma injina masu kasko suna ƙara shigowa, kuma hannun da ya saba cire tamostat daga mota da sunan ƙasarmu akwai zafi, shi ne zai taɓa su gobe. Motar da ta mutu a hanya akan tura ta gefe a jira makaniki. Jirgin da injinsa ya tsaya a tsakiyar Kwara a watan Satumba, ɗauke da mata da yara da buhunan hatsi, igiyar ruwa ce take zaɓa masa inda zai nufa. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ɗaure raƙumi yana cikin tawakkali, kuma geji ɗaya bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Ina kira ga ƙungiyoyin masu jiragen ruwa da makarantun koyon sana'a su sa wannan darasi cikin abin da suke koya wa matuƙa da makanikai. Allah Ya tsare matafiyanmu a ruwa da tudu. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.